Akwatin wufa a bayan kujerar Hilux: rufaffe ko mai bututu?

Abban_Hanifa
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masu sani nake nema. Ina da Hilux mai ƙofa huɗu ta 2010, da ita nake jigilar taki da masara tsakanin Zariya da gonarmu ta wajen Soba. Sifikun ƙofa sun gaji, da na ɗan ƙara murya sai ka ji kamar ana buga gwangwani. Makon jiya na shiga Sabon Gari na sayo wufa inci 12, wato sifikar da ke fitar da amo mai kauri da ake kira bes, da amfilifaya mai ƙara mata ƙarfi, mai shagon ya ce in kai wa kowane kafinta ya buga mini akwati. Wurin da nake da shi ɗaya ne, bayan kujerar baya. Na sa tef na auna: faɗi santimita 90, tsayi 35, zurfi ta ƙasa 16, ta sama 9, saboda kujerar a kishingiɗe take. Takardar cikin kwalin ta ce rufaffen akwati lita 35, mai bututun fitar iska lita 50. Da na lissafa wurina ya ba ni lita 39, ke nan rufaffe zai shiga. To amma babban yarona ya dage wai mai bututu ne ke bugawa. Wanne zan yi? Kuma wane irin katako?

Dan_Gyallesu
Wa alaikumus salam. Alhaji bi maganar yaro, ya san abin da yake faɗa. Nawa mai bututu ne a but ɗin Corolla. In na taso daga Kongo, 'yan Ƙofar Doka sun san ina hanya.

Injiniya_Samaru
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a kai ga rufaffe ko mai bututu, akwai gyara a lissafin. Lita 39 ɗin nan awon waje ne, har katakon ka haɗa a ciki. Ita kuwa sifika da iskar da ke cikin akwatin take aiki. Idan katakon mai kaurin milimita 18 ne, kowane awo sai ka cire masa santimita 3.6, wato kaurin gefe biyu. Faɗi ya koma 86.4, tsayi 31.4, zurfin ƙasa 12.4, na sama 5.4. Tunda akwatin a karkace yake, haɗa zurfin nan biyu ka raba biyu, zai ba ka 8.9. Ninka ukun ka raba da 1000, lita 24 ke nan da ɗan ɗoriya. A cikin wannan ma maganaɗisu da kwandon sifikar za su ci wajen lita 2, sandar tokare ta ci nata. Abin da zai rage maka 21 ne ko 22. Takardarka kuma 35 ta ce.

Sannan ka juya sifikar ka auna daga leɓen da zai zauna a kan katako zuwa gindin maganaɗisun. Inci 12 na gama-gari sukan kai santimita 14 zuwa 16. A tsakiyar akwatinka, ko an haɗa da kaurin katakon gaba, 10 da rabi kake da shi. Ina tsoron ko shiga ba za ta yi ba.

Abban_Hanifa
Innalillahi. Yanzu na fita na auna, 15 ne cif. Wato doki na sayo, bargar kuwa ta akuya ce.

Bakano_a_Kwangila
Zage-zagi ke nan. A sayi kaya tukuna, sannan a je aron tef.

Dan_Gyallesu
@Bakano_a_Kwangila ka bari mana. In an bincika mai shagon ma naku ne, shi ya sa ya ce "kowane kafinta".

Kafinta_Muchia
Wannan "kowane kafinta" ɗin ce ta taɓa ni. Shekarata goma sha a wannan sana'a, kuma akwatin sifika na farko da na buga kunya ya ba ni, don yi na yi masa irin na durowa: ƙusa, ɗan gam a kusurwa, a lulluɓe da kafet. Kyau kam ya yi kyau. Da mai shi ya kunna sai iska ta riƙa fita ta kowace kafa tana fito kamar buta a kan wuta.

Alhaji, ko wace sifika ka ƙare da ita, ga abin da na sani game da katako. MDF, wato allon lallausan garin katako da aka matse da gam, mai kaurin milimita 18 shi aka fi amfani da shi, don yana da nauyi, ba shi da gaɓa, ba ya amsa amo. Cutarsa ɗaya ce, ruwa. Ya sha ruwa sau ɗaya ya kumbura kamar burodi a shayi, ba ya komawa. Kai kuma mutumin gona ne, da damina yara za su shiga da takalma jiƙe, a ajiye jarkar ruwa a baya. Ko dai ka yi da filawud mai kyau mai kauri ɗaya da wancan, ko ka yi MDF a shafe shi da fenti ko vanish ciki da waje, musamman bakin da zarto ya yanka, nan ne yake shan ruwa. Allon nan na dusar katako da ake teburin talabijin mai araha da shi, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Sukuru ba ya kama shi, girgiza kuma marmasa shi take yi.

Wajen haɗawa, gam shi ke riƙe akwati, sukuru riƙon ƙwarya yake yi kafin gam ya bushe. Farin gam na katako za a shafa tun daga farkon baki har ƙarshe. Kar a ɗaura sukuru a bakin MDF sai an fara huda masa ƙaramin rami, in ba haka ba tsagewa zai yi. A bi duk kusurwoyin ciki da silikon, a bar shi ya kwana ya yini kafin a ɗaura sifika, har warin nan mai kama da ruwan tsami ya fita. Tunda akwatinka dogo ne, santimita 90, dole a tokare gaba da baya da sanda, in ba haka ba allon zai riƙa kaɗawa yana nasa kiɗan.

In an gama, rufaffe dai, sa tafin hannu ka danna takardar sifikar, wato faifan gabanta mai motsi, a hankali ka saki. In ta dawo a natse, akwati ya kama. In ta shige ba tauri ta dawo fit, akwai inda yake yoyo.

Abban_Hanifa
Allah ya saka da alheri Malam Kafinta. Filawud ɗin nan fa na ga wasu in an yanka akwai ramuka a ciki.

Kafinta_Muchia
Shi ya sa na ce mai kyau. Je wajen 'yan katako da kanka, ka duba gefen allon ka ƙirga fallayen, ka ga ko akwai gurbi. Mai gurbi yana zuzu in bes ya buga. Allo ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, akwatinka ko rabinsa ba zai ci ba, ka nemi wanda za ku raba.

Dan_Gyallesu
Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya amsa tambayar. Ni dai na san rufaffe ba ya ƙara. Wurin ya yi kaɗan? To a huda rami a zura fayif, shi ke nan. Nawa haka aka yi, guntun fayif ɗin ruwa inci 3, bai fi tsawon tafin hannu ba.

Injiniya_Samaru
@Dan_Gyallesu gaskiyarka ta wani ɓangaren: mai bututu ya fi ƙara da wuta iri ɗaya. Amma bututun ba rami ne kawai ba. Ɗauki kwalbar lemo ka hura bakinta, za ka ji amo ɗaya. Zuba ruwa rabi ka sake hurawa, amon ya tashi sama. Akwati mai bututu kwalba ce babba, girman cikinsa da faɗin bututun da tsawonsa su ke yanke amon da zai fi fitarwa. Wani Bajamushe, Helmholtz, shi ya yi bayanin wannan tun ƙarni na 19.

Abin da mutane ba sa tsammani shi ne, ƙaramin akwati ya fi buƙatar dogon bututu. Misali ana son a saita shi a 35 Hz, wato kaɗawa 35 a daƙiƙa. A akwati mai lita 50, fayif inci 4 zai kai santimita 31. Shi wannan fayif ɗin a akwatin Alhaji mai lita 22 sai ya kai santimita 80, ya cinye fiye da lita 6 na iskar da dama ba ta isa ba, ga shi faɗinsa ma ba zai shiga ba. In an sauko inci 3, santimita 44 ne, amma siririn bututu in aka ƙure murya sai ya riƙa huci.

Yanzu a zura irin naka, inci 3 mai tsawon santimita 10, a lita 22. Zai faɗa wajen 62 Hz. Zai yi ƙara sosai, amma amo ɗaya ne, dum-dum-dum, ko wace ganga aka buga haka za ta fito. Mafi muni, ƙasa da inda aka saita bututu iska ba ta riƙe takardar sifika, sai ta yi ta lilo kamar ba ta cikin akwati. Nan ne ake yaga su. Don haka mai bututu yake son amfilifaya mai tace amon can ƙasa, maɓallin da aka rubuta subsonic.

Akwai kuma abin da ke taimakon rufaffe a cikin mota. Igiyar sauti ta 40 Hz tsawonta ya haura mita 8 da rabi, ɗakin Hilux kuwa bai fi mita biyu da wani abu ba. Don haka daga wajen 70 ko 80 Hz zuwa ƙasa, ɗakin motar da kansa yana ƙara wa bes ƙarfi, kusan daidai da yadda rufaffen akwati ke rasa shi. Rufaffen da za ka raina a tsakar gida, ka sa shi a mota ka rufe gilasai sai ka ji ya cika ta.

Dan_Gyallesu
Injiniya ka cika turanci da lissafi. Kunne dai shi ne alƙali.

Sani_Hanwa
Kunnen wa? Na taɓa shiga motarka daga PZ zuwa Samaru, madubin tsakiya rawa yake, lambar mota tana zuzu, amma ban gane ko kalma ɗaya da mai waƙar ya faɗa ba.

Baba_Wusasa
Ku yaran zamani kun sha wahalar lissafi. Lokacin da nake jan Fijo 504 a-kori-kura haɗin Kaduna, ba mu san wata lita ba. A gida tulu muke samu, wanda bakinsa ya yi daidai da sifikar tsohuwar rediyo, a kifa ta a kai, a naɗe bakin da tsumma da robar tayar keke. Wallahi in aka sa kaset na kiɗan taushi ko kotso, sai ka ji kamar makaɗan suna zaure. Na gwada sa shi a motar, a bayan kujera na ɗaure da igiya. Ramin farko a hanyar Giwa ya raba ni da shi.

Injiniya_Samaru
Baba, ranka ya daɗe, ai rufaffen akwati ke nan kuka yi, mai kyau ma. Yumɓu ba ya kaɗawa, ba ya yoyo, kuma ba shi da bango biyu masu kallon juna. Sa'a kuka yi girman tulun ya dace da sifikar. Abin da Thiele ɗan Ostareliya ya rubuta a 1961, Small ya faɗaɗa a farkon shekarun 1970, shi ne yadda za a san girman tulun tun kafin a je wajen mai ginin tukwane. Lambobin nan da ke takardar bayanin sifika, Fs da Qts da Vas, nasu ne. A taƙaice, Qts ƙasa da 0.4 ta fi son bututu, daga 0.4 zuwa 0.7 ta fi son rufaffe. Mai kwamfuta ya sauke WinISD, kyauta ce, ya zuba lambobin ya ga zanen kafin a yanka katako.

Ummu_Sadiq
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba mota gare ni ba. Gidanmu a Tudun Wada yake bakin titi. Akwai yaron da ke fakin a ƙofarmu bayan isha'i, gilasan tagarmu har kuka suke, jaririyata ta firgita ta farka. An yi masa magana ya ce ai motarsa ce. Duk wannan ilimin da kuke zubawa, don Allah ku haɗa da na haƙƙin maƙwabci.

Abban_Hanifa
Hajiya kina da gaskiya. Ni wallahi ba don unguwa nake so ba. Tafiyar gona ce mai nisa, rabin abin da nake ji ma karatu ne da wa'azi da labarai, sai waƙoƙin gargajiya in na gaji.

Malam_Jushi
To Alhaji in haka ne me ya kai ka wufa? Muryar mutum ba ta sauka inda wufa ke aiki. Da kuɗin nan sifikun ƙofa masu kyau ka saya.

Sani_Hanwa
Malam ba haka ba ne gaba ɗaya. In akwai wufa, sai a tace bes daga sifikun ƙofa a bar musu daga 80 Hz zuwa sama. Sun huta da dukan da ke sa su kukan gwangwani, murya ta fito tas. Amma na yarda, in na ƙofar sun yage sai an canja su, wufa ba ta ɗinke su.

Nas_Rabi
Tunda Ummu_Sadiq ta buɗe ƙofar, bari in ƙara. Ma'aunin ƙarfin ƙara da ake bi a wuraren aiki da yawa shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Mota mai wufa a rufe tana wuce 100 ba wahala. In ka sauka kana jin kunnenka yana ƙara shiii, gargaɗi ne. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Yara a kujerar baya kuma su ne bayansu ke jingine da akwatin.

Bakano_a_Kwangila
Ni ban ga abin wahala ba. Mota ce mai buɗaɗɗen baya. A buga akwati lita 50 ɗin a ɗora a bodi, an wuce wurin.

MaiSauti_TudunJukun
A'a ɗan'uwa. Ni sana'ata ke nan, hayar kayan sauti na biki da walima, kuma a bayan a-kori-kura nake ɗora su. Wanda ke waje shi zai ji, direba kuwa ƙarfe da gilashi sun raba shi da sifikar, abin da zai iso masa girgizar bodi ce kawai. Taimakon ɗakin mota da Injiniya ya faɗa babu shi a fili, shi ya sa mu muke ɗaukar inci 18 guda biyu da janareta. Ga ruwan Agusta, ga ƙurar hunturu, ga ranar Afrilu da ke ɓanɓare gam. Sannan Alhaji taki yake ɗauka. Buhun yuriya ya fashe kusa da ƙarfen sifika, ka dawo bayan wata ɗaya ka ga tsatsa. Ban ma yi maganar masu ɗauke abin da ba a ɗaure ba in ka yi fakin a kasuwa.

Akwai masu yanke bangon bayan ɗakin su haɗa da akwatin da ke bodi. Na ga wanda ya yi. Ɗakin da bodin Hilux ba a haɗe suke ba, kowanne motsinsa yake a kan shasi, don haka robar da aka sa a tsakani ba ta daɗe ba ta saki, ruwa ya riƙa shiga. Ranar sayarwa kuma dillali ya ga yanka a jikin mota, ka san sauran.

Rewaya_PZ
Kowa na maganar katako, ba wanda ya tambayi wuta. Alhaji, amfilifayar wat nawa ce? Ba lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali ba, waccan 3000 ko 5000 ta talla ce. Nemi inda aka sa RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai.

Abban_Hanifa
An rubuta 500 RMS a om 2. Ita kuma sifikar wurin ɗaura waya huɗu gare ta, biyu kowane gefe, an rubuta 4 da 4. Wannan ma ya ɗaure mini kai.

Rewaya_PZ
Yauwa. Koyil biyu gare ta, wato naɗin wayar da ke cikinta, kowanne om 4, shi om kuwa awon turjiyar da wuta ke samu ne. In ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, ka kai wa amfilifaya, ta zama om 2, daidai da abin da amfilifayarka ke so. In ka bi da su a jere, jan wannan zuwa baƙin wancan, ta zama om 8, wutar da za ta samu kaɗan ce. Kar ka ɗaura koyil ɗaya ka bar ɗaya. Kuma in ka canja sifika ka tuna da wannan lissafin: mai koyil biyu na om 2 za ta ba ka 1 ko 4, om 1 kuwa zai dafa amfilifayar da aka yi don om 2.

Wat 500 in an ƙure tana jan wajen amfiya 45 daga batir. Waya mai kauri lamba 4 za ka sa, ta jan ƙarfe zalla. Akwai wadda ake sayarwa mai araha, alminiyon ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, ka kankare bakinta da wuƙa za ka ga fari, ga ta ba nauyi a hannu. Fiyus kuma kusa da batir, kar ya wuce santimita 45 daga kansa. Wannan fiyus ɗin ba amfilifaya yake karewa ba, motar yake karewa. An taɓa kawo mini wata mota da aka zura wayar ta ramin ƙarfe ba roba, ba fiyus. Ƙarfen ya ci rigar wayar a hankali, ranar da ta taɓa bodi kafet ya kama hayaƙi tun daga ƙafar direba har kujerar baya. Allah ya sa mutumin yana da sifana a kusa ya cire kan batir.

Wayar ƙasa, wato baƙar da ke tafiya jikin mota, gajera, a kankare fenti a ɗaure a ƙarfe tsirara. Maɓallin gain na jikin amfilifaya kuma na daidaita ta da rediyo ne, ba na ƙara murya ba ne, kar yaronka ya murɗe shi ƙarshe. Yawancin koyil ɗin da ake kawo mini a ƙone, shi ne sanadi.

Abu na ƙarshe, in za ku ɗaure akwatin a jikin mota, leƙa ƙasa kafin ka huda. Tankin mai da fayif ɗin birki ba su da nisa da wurin.

Dan_Gyallesu
Oga Rewaya, fitilata tana lumshewa duk lokacin da bes ya buga. In sayi kafasita?

Rewaya_PZ
Fara da duba batir da kawunansa, da wayar da ta tashi daga altaneta zuwa batir, da wayoyin ƙasa biyu, na inji da na bodi. A ƙara musu kauri. Kafasita ba ta haifar da wuta, ajiya take yi. In altaneta ba ta isa ba, ba ta isa ba.

Abban_Hanifa
Mu dawo kan akwati don Allah. Yarona ya ce wai in an cusa audugar filo a ciki, ƙaramin akwati yana zama babba. Sai in sa inci 12 ɗin a lita 22, in ƙara zobe a gaba don zurfin ya isa.

Injiniya_Samaru
Audugar roba ta filo tana taimakawa, gaskiya ne. Ana sa wajen giram 16 a kowace lita, naka kusan giram 350, a barbaje ba a danƙare ba, kuma kar ta toshe ramin iskar da ke gindin maganaɗisu. Amma ɗan ƙari take yi, ba za ta mai da 22 ta zama 35 ba. Sifikar da aka matse a akwatin da ya yi mata kaɗan, iska ta yi mata tauri, bes na ƙasa ya ɓace, ta riƙa ƙwanƙwasa a sama. Zoben kuma zai turo ta gaba da santimita 5 ko fiye, ga takardar tana buƙatar filin motsi. Kujerar ba za ta koma ta kulle ba.

Ni a wurinka, siririyar inci 10 zan nema, irin wadda aka ƙera don bayan kujera. Pioneer da Kicker da JL Audio duk suna yi. Zurfinsu wajen santimita 8 zuwa 9, kuma da yawansu lita 14 zuwa 20 rufaffe suke nema. Ka lura dai, tunda akwatin yana tsukewa ta sama, a saukar da ramin sifikar ƙasa-ƙasa.

Sani_Hanwa
Ko inci 8 guda biyu a ƙarƙashin kujera. Faɗin takardarsu in an haɗa ya fi na inci 10 ɗaya. Wurin ba shi da siffa, sai dai a yi da faiba irin ta masu gyaran bamba: a lulluɓe wurin da tef da leda, a shimfiɗa zaren, a shafa ruwan, falle bayan falle har ya yi kauri, a rufe samansa da katako. Nawa haka na yi. Warin ya kwana uku a motar, uwargida ta ce ba ta shiga.

Kafinta_Muchia
In wurin ba shi da siffa tef ba ya aiki. Shimfiɗa babbar leda a ramin, ka zuba gero har ya cika daidai inda akwatin zai tsaya, sannan ka kwashe kana aunawa da galan ɗin baƙin mai na lita 4 da aka yanke wa kai. Alhaji manomi ne, gero ba zai gagare shi ba. Kuma kafin a taɓa katako a yanka kwali a haɗa akwatin gwaji, a sa a rufe kujera a gani.

Dan_Gyallesu
Inci 10 siririya a Hilux guda. Alhaji in ka bi ta tasu, nan da wata biyu za ka dawo kana neman ƙari. Cire kujerar baya ɓangare ɗaya kawai ka buga lita 50 ɗinka.

Ummu_Sadiq
A cire kujerar da iyali ke zama saboda ganga? Allah ya shirye ka Ɗan Gyallesu.

Abban_Hanifa
Na dawo da rahoto. Yau bayan la'asar ni da yaron muka yi akwatin kwali kamar yadda Malam Kafinta ya ce. Abin da ban lissafa ba shi ne jak da sandarsa, a nan bayan kujerar suke zaune, kuma ba zan shiga hanyar Soba ba jak ba. In na bar musu wurinsu faɗin ya koma 72, da lissafin Injiniya lita 19 ke nan kafin a cire na sifika. Mun gwada geron a ƙarƙashin kujera, gefe ɗaya ya ci galan biyu da ɗan kaɗan, ɗaya gefen bai kai ba. Na koma wajen mai shagon, ya ce ba ya karɓar kayan da aka buɗe, sai dai in ya samu mai so. Yaron kuma har yanzu yana kan bakansa, ya ce a ba shi inci 12 ɗin ya sa a ɗakinsa.

Baba_Wusasa
Ba shi, ka haɗa masa da tulu.

Injiniya_Samaru
Lita 19, a cire sifika da tokare, 16 zuwa 17. Siririyar inci 10 za ta zauna lafiya. Amma wannan karon a ga takardarta tukuna, zurfi da lita da om, kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Dan_Gyallesu
Alhaji nawa za ka sayar da inci 12 ɗin? But ɗina akwai sauran wuri.

Rewaya_PZ
Kai da fitilarka ke lumshewa da guda ɗaya?

Garba_Basawa
Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Tawa L200 ce mai ƙofa biyu, ba kujerar baya, tazarar bayan kujerar direba ba ta fi tafin hannu ba in na tura ta yadda nake tuƙi. Injiniya, in auno maka ta ƙasa da ta sama kamar na Alhaji, ko akwai wani awon da zan ƙara?